Yadda Duniya Ta Zama Mazauni: Darasi Daga Farar Ƙasar Ƙanƙara

Wannan shi ne jawabin da wani malamin labarin ƙasa ya gabatar ga manoma da ɗalibai na 'Yargoje da maƙwabtansu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, a kan sharuɗɗan da ke sa wata duniya ta zama wurin da rai zai iya zama a cikinta. A sha karatu lafiya.



Jama'a, duk mai sammako ya san Zara, wadda Hausawa ke wa kirari da matar wata. In aka ɗebe rana da wata, babu abin da ya kai ta haske a sama. To, Zara ba tauraro ba ce irin sauran taurari. Duniya ce kamar wannan da ake takawa, har girmansu ma ya kusan zama ɗaya. Amma da za a ajiye dalma a ƙasanta narkewa za ta yi, domin zafin wurin ya haura digiri 460, dare da rana. A shekarar 1982 Tarayyar Sobiyet ta saukar da wata na'ura a can mai suna Venera 13, wadda aka ƙera musamman don ta jure wa zafi. Minti 127 ta yi tana aiko da bayanai, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Ga tambayar ke nan. Duniyoyi biyu, girma kusan ɗaya, rana ɗaya ke haska su. Me ya sa ɗaya ake noma dawa da masara a cikinta, ɗayar kuma ta zama maƙera?

Amsar farko da ake bayarwa a makaranta ita ce nisa. Ana cewa rana kamar wutar da ake hurawa ce a ƙofar gida lokacin hunturu: wanda ya matso ainun zai ƙone, wanda ya yi nisa ɗari zai kama shi, mai jin daɗi shi ne na tsakiya. Tsakanin rana da Zara kilomita miliyan 108 ne. Tsakaninta da wannan duniya miliyan 150. Tsakaninta da duniyar Mas, wadda Larabawa ke kira Mirrihu, miliyan 228. Abin da masana ke dubawa shi ne zangon da ruwa zai iya kwanciya a ruwansa, bai tafasa ya tashi ba, bai kuma daskare ba. Ana ta batun ruwa ne saboda ba a san wani mai rai ba, daga tururuwa har itacen kuka, wanda aikin cikin jikinsa ke gudana ba tare da ruwa ba.

Wannan amsa gaskiya ce, amma rabin gaskiyar ce. Hujja kuwa tana nan a sama. Nisan wata daga rana daidai yake da nisan wannan duniya, tun da tare suke tafiya. Amma a kan wata zafin rana yakan kai digiri 120, da dare kuma sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri 130 ko fiye. Ba ruwa mai gudu, ba ciyawa, ba ko sauro. Ashe mazauni mai kyau a gefen wuta bai isa ba, sai da mayafi.

Mayafin duniya shi ne iskar da ta lulluɓe ta. Manomi ya san aikin wannan mayafi ko da ba a faɗa masa sunansa ba. Me ya sa daren hunturu ke da ɗari mai ratsa ƙashi, alhali da rana an sha zafi? Saboda iskar ta bushe, ba danshi a cikinta, zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya sulale sama ba abin da ya tare shi. Me ya sa daren da hadari ya haɗu gab da faɗuwar damina ake kwana ana fifita? Saboda danshin ya riƙe zafin. Bayan tururin ruwa akwai wata iska da ke wannan aiki, ita ce iskar kabon, wadda ke fita daga numfashi da kuma duk abin da aka ƙona. Lissafi ya nuna da babu wannan mayafi, matsakaicin zafin duniya ba zai zama digiri 15 kamar yadda yake ba, zai zama 18 ne ƙasa da sifili, wato tekuna duk su zama ƙanƙara.

Matsalar Zara ita ce mayafinta ya yi kauri har ya zama likkafani. Kashi 96 cikin 100 na iskarta kabon ne, nauyin iskar kuma ya ninka na nan kamar sau 90. Mas kuwa akasin haka ne: iskarta ba ta kai kashi 1 cikin 100 na ta nan ba, matsakaicin yanayinta kimanin digiri 60 ne ƙasa da sifili. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne Mas ba haka take ba tun asali. Na'urar Amurka mai suna Curiosity da ta sauka can a 2012 ta samu tsakuwa mai sulɓi, irin wadda ruwa ke gogewa a bakin rafi. Wata mai suna Perseverance ta sauka a 2021 a cikin busasshen tafki, har ana ganin inda kogi yake zubowa cikinsa a da. To ina ruwan ya tafi? Mas ƙarama ce, faɗinta kamar rabin na wannan duniya, saboda haka cikinta ya yi saurin hucewa. A cikin wannan duniya akwai narkakken ƙarfe da ke motsi, shi ne ke haifar da ƙarfin maganaɗisun da ke juya allurar da matafiyi ke neman alƙibla da ita. Wannan ƙarfi garkuwa ne daga wani irin ɓurɓushi da rana ke fesowa ba dare ba rana. Mas ta rasa tata garkuwar tun kimanin shekara miliyan 4,000 da suka wuce, ga ta kuma ba nauyin da za ta riƙe iskarta, sai iskar ta yi ta tsiyayewa. Wato wuri yakan zama mazauni, ya kuma daina zama.

Yanzu ga babbar mas'alar. Masana sun ƙiyasta shekarun wannan duniya da miliyan 4,500 da 'yan kai. A farkon wannan dogon zamani hasken rana bai kai na yau ba, ya gaza da kusan kashi 30 cikin 100, a hankali ya yi ta ƙaruwa. Duk da haka duwatsu sun nuna cewa tun wancan lokaci akwai teku, har yau kuma akwai shi. An yi zamunan ƙanƙara masu tsanani, amma aka fita daga cikinsu. Wuta tana ƙara ruruwa, mai jin ɗumi bai gusa ba, amma bai ƙone ba. Dole ke nan akwai abin da ke rage kaurin mayafin yayin da zafi ke ƙaruwa, ya kuma ƙara shi in sanyi ya yi yawa. Mene ne wannan abu?

Ba sai an je Turai ba, amsar tana cikin ramukan da ake haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara.

Duwatsun da suka tokare sama a wannan yanki, daga Pauwa har ƙasar Faskari, da falalen da mai haƙar rijiya ke cin karo da shi, tsofaffi ne ainun, shekarunsu sun haura miliyan 500. Duk wanda ya fasa irin wannan dutse zai ga ba abu ɗaya ba ne: akwai ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gilashi, akwai masu fari ko ja-ja, akwai baƙaƙe. Idan ruwan sama zai sauko yakan haɗiyo iskar kabon, ya ƙara samun wata a cikin ƙasa daga numfashin saiwoyi, sai ya ɗan yi tsami. Tsamin bai kai wanda harshe zai ji ba, amma ya isa ya ci dutse in an ba shi lokaci. Ƙwayoyin masu ƙyalli ba su ciyuwa, su ne ke zama yashin da ake ɗiba a rafi. Masu farin kuwa sai su ruɓe su koma laka mai laushi. Wannan lakar ita ce farar ƙasa, wadda mata ke shafen ɗaki da ita, masana'antu kuma ke sa ta a fenti da takarda da tangaran. Kowane buhun farar ƙasa da aka loda wa mota shaida ne cewa wani dutse ya sha iskar kabon har ya narke.

Kabon ɗin fa, ina ya nufa? Ya narke cikin ruwa tare da gishirin dutsen. Ruwan wannan yanki, ko ya bi ta gulbin Sakkwato, wanda ya faro daga kusa da Funtuwa, ko ya bi ta wajen kogin Kaduna, ƙarshensa dai kogin Kwara ne, shi kuma ya kai shi teku. A teku ƙananan halittu suna ɗaukar wannan narkakken abu su gina ɓawonsu da shi, irin na katantanwa da wuri. In sun mutu ɓawon ya kwanta a ƙasan teku, ya taru ya zama dutse. Wanda ke son ganin irin wannan dutse ya je Kalambaina a Sakkwato, inda ake haƙo shi ana yin siminti. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne a wurin, har yanzu kuma ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikin dutsen. Daga baya, bayan miliyoyin shekaru, motsin ƙasa yakan tura irin waɗannan duwatsu can ƙarƙashi inda ake da zafi, su dahu, kabon ɗin ya komo sama ta bakin duwatsu masu aman wuta.

Inda hikimar take shi ne a nan. In duniya ta ɗau zafi, ruwan sama yakan ƙaru, dutse ya yi saurin ruɓewa, a janye kabon da yawa daga iska, mayafi ya yi shara-shara, sai a samu sauƙi. In sanyi ya yi yawa, ruwa ya ragu, cin dutse ya lafa, duwatsu masu aman wuta kuwa ba su daina fitar da nasu ba, sai kabon ya taru, ɗumi ya dawo. Mizani ne mai gyara kansa. Wasu masana uku a Amurka, Walker da Hays da Kasting, su ne suka fito da wannan bayani a 1981. Zara ta rasa ruwanta, saboda haka ba abin da zai wanke kabon ɗinta ya mai da shi dutse, duk yana nan a sama. Na wannan duniya kuwa mafi yawansa yana ɗaure cikin duwatsu irin na Kalambaina.

Sai dai kada wani ya ce to shi ke nan, a ƙona abin da aka ga dama, dutse zai gyara. Wannan mizani da dubban ɗaruruwan shekaru yake aiki. Kafin zamanin masana'antu kabon ɗin da ke cikin iska kashi 280 ne cikin miliyan, zuwa 2024 ya haura 420. Cikin shekara ɗari biyu da 'yan kai aka yi wannan ƙari. Mai zuba ruwa da tulu ne, mai kwashewa kuma da cokali.

Akwai sharaɗi na gaba, wanda ya fi ban mamaki, shi ne rai da kansa ya yi aiki wajen gyara wa rai mazauni. Iskar da ake shaƙa yau kashi 21 cikin 100 oksijin ne, amma duniya ta yi kusan rabin shekarunta babu shi. Da za a mai da mutum wancan zamani, numfashi kaɗan zai yi ya faɗi. Waɗanda suka samar da shi wasu ƙananan halittu ne na cikin ruwa, masu kama da gansakukar da ke rufe kududdufi bayan damina. Suna shan hasken rana da ruwa da kabon, suna fitar da oksijin. Sai wajen shekara miliyan 2,400 da suka wuce ya fara taruwa a iska. Shaidarsa tana ƙarƙashin ƙafa: jar ƙasa da marmarar da ake zuba wa hanya ba komai ba ne ya ba su wannan launi illa tsatsar ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya tsatsa sai da oksijin. Daga oksijin ne kuma aka samu wata rumfa can sama mai tace hasken rana mai cutarwa, sannan tsirrai suka iya hawa tudu, kimanin shekara miliyan 470 da suka wuce. A duba lissafin: duniya ta yi shekara miliyan 4,000 tudunta tsirara, ba ganye ko ɗaya. Ƙasar noma ita ce 'yar auta. Ruɓaɓɓen dutse ne da ruɓaɓɓen ganye da aikin gara da tana, kuma kafin a samu kaurin ɗan yatsa sai an yi ɗaruruwan shekaru. Ruwan dare ɗaya kuwa yana iya kwashe shi a gonar da aka bari ba itace ba kara.

Ana yawan tambaya ko akwai wata duniya irin wannan a can nesa. A 1995 wasu masana biyu 'yan Suwizalan, Mayor da Queloz, suka gano duniya ta farko da ke kewaya wani tauraro irin rana. Zuwa 2025 adadin waɗanda aka tabbatar ya kai 6,000. Wasunsu suna zaune a zangon da ruwa zai iya kwanciya, amma ba a tabbatar da rai a ko ɗaya ba. Mafi kusa, wadda aka gano a 2016, kumbo mai gudun kilomita 17 a daƙiƙa sai ya yi fiye da shekara 70,000 kafin ya isa. Masu kuɗin da ke maganar ƙaura zuwa Mas kuwa, a gaya musu wuri mafi muni a tsakiyar Tenere ya fi wuri mafi kyau a Mas, ko ba komai a Tenere ana numfashi kyauta.

Tun da an ambaci Tenere, a tsaya a nan kaɗan, domin abin da ya faru da ita ya fi labarin Mas kusa da mutanen wannan yanki. A shekarar 2000 wani mai bincike ɗan Amurka, Paul Sereno, yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe a wani wuri da ake kira Gobero a Jamhuriyar Nijar, sai ya ci karo da maƙabarta mai kaburbura kusan 200 a tsakiyar rairayi. Tare da mutanen akwai ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, da mashin kamun kifi. A Dabous, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani Bafillace yana haƙar rijiya ya tono kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa suka kai 8,000. Tafkin Cadi na wancan zamani ya ninka jihar Katsina ta yau fiye da sau goma, tudun yashin da ya ratsa ta Maiduguri zuwa Bama shi ne tsohuwar gaɓarsa. Ƙurar hunturun nan da ke shiga ido, da yawanta daga busasshen ƙasan wannan tafki take tasowa, a wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi.

Daga shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara kore ce. Ba gatari ne ya mai da ita hamada ba. Duniya tana yin wani ɗan layi a jujjuyawarta kamar katantanwar da yara ke murzawa, zagaye ɗaya yakan ɗauki shekara 20,000 da 'yan kai. Wannan layi ne ya ƙara wa bazarar arewa zafi a wancan lokaci, ya jawo iskar damina daga teku har can ciki, shi ne kuma daga baya ya sake ta. Amma masana sun gano cewa layin kaɗai bai isa ya bayyana yawan ruwan da aka samu ba. Tsirrai sun ƙara nasu: suna riƙe danshi, suna mai da shi sama, ya sake zubowa. Da suka fara ja da baya, sai fari ya samu mataimaki.

Kudancin Katsina yana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, birnin Katsina kuwa wajen 600. Tazarar da mota ke ci a 'yan sa'o'i ce ta raba su. Dattawa sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga iyayensu, da yawansu kuma da idonsu suka ga farin 1973 da na 1984. Adalci ne a faɗi cewa bincike ya nuna babban sanadin waɗannan fari na baya canjin ɗumin tekuna ne, ba laifin talaka mai neman itacen girki ba kamar yadda aka yi ta yayatawa a lokacin. Yawan ruwan da zai sauko ba a hannun manomi yake ba. Abin da ke hannunsa shi ne abin da zai faru da ruwan bayan ya taɓa ƙasa: ko ya nutse ya cika rijiya, ko ya kwashe gona ya buɗe kwazazzabo.

Mutanen Maraɗi da Damagaram, waɗanda ruwansu bai kai na nan ba, sun gwada wata dabara. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashi. Aikin ba wuya. A zaɓi kututture, a bar masa rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi, a datse sauran, a kare shi daga wuta da dabbobi, a dawo a sake gyara shi. Sunan da suka ba abin shi ne sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka tashi a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa taki kamar yadda ta wake da ta gyaɗa ke yi.

Amma sassabin zamani yana da sharaɗin da ba a samu a lissafin masana taurari ba, shi ne mutumin da zai iya zuwa gonarsa bana ya kuma koma baɗi. Ba wanda zai koya wa mutanen 'Yargoje wannan. A watan Yunin 2024 'yan bindiga suka auka wa garin da dare suka kashe mutane da dama, Allah Ya jiƙansu Ya ba iyalansu haƙuri. Ruwa bai ƙafe ba a ranar, ƙasa ba ta ƙi shuka ba, amma a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa an samu gonakin da suka yi damina bayan damina ba a sa musu fartanya ba.

Waɗannan gonaki ba zaune kawai suke ba. Kututturen gawo da marke da kalgo da ke cikinsu sun samu hutun da ba su taɓa samu ba, wasu sun yi tohon da ya wuce tsawon mutum. Ranar da Allah Ya kawo sauƙi aka koma, mai gona zai so ya sassabe komai ya cinna wuta, mai gawayi kuma yana bakin hanya da kuɗi a hannu. Kafin a ɗaga gatari, a zaga gonar tukuna, a ɗaura tsumma a jikin waɗanda za a bari, ko da ashirin ne a kowace eka.